Taɓaryar da Ƙawata Ta Miƙo Mini

Tun da muka baro ƙauye muka tare a cikin Birnin Gwari, abin da kunnena ya fi nema ya rasa shi ne ƙarar turmi. A can ƙauyenmu, bayan Gwaska, kafin rana ta gama fitowa gari ya ɗauki daka. Gidan nan ya fara, na gaba ya amsa, na bakin rafi ya karɓa. Ina kan tabarma a ɗakin kakata nakan gane mai dakan ba tare da na gan ta ba. Mai saurin nan kamar ana korarta, matar maƙeri ce. Mai ja da nauyi, tana daka tana mita, goggona ce. In kuwa ka ji taɓarya ta yi shiru a sama, tafi ya shiga tsakani, sannan ta sauka daidai kan kiɗa, to 'yan mata ne ke lugude. Akwai shekarun da in tafin nan ya kai uku, kowa a garin ya san ni ce. Yanzu abin da ke tashina da safe injin niƙan bakin layi ne, da baburan da ke kwasar mutane zuwa garin Kazage. Inji ba ya gaya maka wadda ke aiki. Yarinya za ta kai bokitinta, ta tsaya tana danna waya, a miƙo mata gari mai zafi yana warin ƙarfe, ta dawo ta ce ta gaji.

Dajin da ake rage murya in za a ambace shi yau, mu gidanmu ne na biyu. Da farkon damina mukan shiga da ƙorai ɗiban kaɗanya, mu sha mu ƙoshi, mu tara ƙwara mu kawo gida, a dafa, a shanya, a daka, a fitar da man kaɗe fari sol. A hanya mu haɗu da matan Fulani da ƙwaryar nono, mu yi musaya da gari. A bakin dajin akwai wani masassaƙi, mutumin Gbagyi, wanda ba ya sassaƙa wa yarinya taɓarya sai ya tsayar da ita ya auna iccen ƙirya da haɓarta. Duk wannan masu bindiga sun raba mu da shi. Ba zan ɓata bakina a kansu ba, Allah yana nan. Ni wata ta'asar ce daban ta kawo ni wannan magana, ƙarama ce a idon mutane, kuma ta girmi tasu da shekaru masu yawa.

A ƙauye ni ce mai tatsuniya, yara har faɗa suke yi a kan wanda zai zauna kusa da ƙafata. Da muka zo gari sai na ga jikokina sun juya mini baya, sun dunƙule a ƙarƙashin rumfa bayan an taso daga Islamiyya, kawunansu a haɗe kan wayar ubansu, suna ihu. Na yi fushi da abin kwana da kwanaki. Wata rana da la'asar na ja kujerata na leƙa ta kafaɗar Ummi, babbar jikata.

“Ke Ummi, waɗannan aljanu ne ko mutane? Ido kamar faifai, gashi shuɗi kamar an tsoma a marina.”

“Kai, Kaka! Katun ne, zana su aka yi. 'Yan ƙwallo ne, mutanen Japan suka yi shi.”

“To wancan me ya same shi yake ta huci shi kaɗai, ƙwallo ta tsaya a sama ta ƙi saukowa?”

“Tunani yake yi a ransa.”

“Ƙwallon ce ke jiransa ya gama tunani?”

“Ke dai tsohuwa ki zauna ki gani, kin cika tambaya.”

Na zauna don in sami abin kushewa. Yarensu ban ji, rubutun da ke gudu a ƙasa kuma ban yi makarantarsa ba, sai abin da Ummi ta ga dama ta fassara mini. Amma labarin ba shi da wuya. An tara samari masu yawa wuri guda, kowa gwani ne a garinsu, ana ta tankaɗe su kamar gari a rariya. Wanda aka kayar ya ɗauki jakarsa ya fita. Babu mai rarrashinsa, babu mai ce masa gobe ma rana ce. A cikinsu akwai wani siriri mai farin gashi, na sa masa suna Mai Furfura, tunda kanmu iri ɗaya ne. Yana da aboki tun na ƙuruciya, tare suka koyi ƙwallo a bayan gida, tare suke cin abinci. Da aka zo wasan da za a ɗauki ɗaya a bar ɗaya, Mai Furfura ya ɗago ƙafa zai buga, sai abokin nan ya taka masa ɗaya ƙafar ta inda alƙali ba ya gani. Ya kifa da fuska. Abokin ya zura ƙwallo a raga, jama'a suka ɗauke shi a kafaɗa. Sai masu zanen suka bar jama'a da murnarsu, suka kawo idon yaron nan da ke ƙasa ya cika fuskar wayar gaba ɗaya. Ba ya kuka. Ƙwayar idon ce kawai take rawa. Na ce a raina, wanda ya zana wannan an taɓa yi masa.

Daga ranar na daina kushe. Ni ce ma nake tunatar da Ummi ta biya shagon masu tura fim a waya ta karɓo na gaba. Ɗana, uban Ummi, ya dawo daga kasuwa ya same ni na ƙura wa waya ido, ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Ban kula shi ba. Na riga na gane abin da yaran nan ke gani a ciki wanda iyayensu ba su gani. Yaran da aka fito da su daga gidajensu da gudu, suka bar awakinsu da abokan wasansu, kowa ya tare su da kalma ɗaya, haƙuri. Liman ya ce haƙuri, malamin makaranta ya ce haƙuri, ni kaina na faɗa musu. Sai ga wani wuri a cikin waya inda wanda aka cuta ba a ce masa komai, sai dai ya tafi ya yi ta gudu shi kaɗai cikin ruwan sama har ƙafarsa ta fashe, kuma ko ba jima ko ba daɗe sai an sake tsayar da shi gaban wanda ya cuce shi, a fili mai layi, a idon jama'a. A ciki yaro yakan dubi ɗan'uwansa ya ce, “Na fi ka,” ba wanda zai mare shi don rashin kunya. Mu da muka tashi, 'ya mace ko ta fi kowa ba ta isa ta faɗa ba. Sai dai hannunta ya faɗa mata, in an bar hannun.

Ni ba a bar nawa ba.

A zamaninmu, bayan an gama girbi, biki na farko da za a yi a gari shi ne ake fitar da uwar turmi. Wadda ta ci, ita ke riƙe turmin farko a kowane biki har ranar da za a ɗaura mata aure, ita ke ɗaga waƙa, ita ake fara miƙa wa goro. Ana jera turame a ƙarƙashin ɗorawar bakin kasuwa, 'yan mata biyu biyu, tsofaffin mata na zaune a tabarma suna kasa kunne. Wadda ta saɓa kiɗa ko taɓarya ta kuɓuce mata, ta koma gefe. Haka za a yi ta raguwa har a rage biyu a turmi ɗaya. Akwai kuma wata al'ada da ba na jin ana yin ta a wani gari. Ranar jajibere kowace yarinya takan kai wa ƙawarta taɓaryarta. Ƙawar ce za ta goge ta da yashi da toka, ta ɗaura mata jan zare a wuya, ta kwana da ita, washegari ta miƙo mata da hannu biyu a gaban mutane. Kuma ba a dubawa. Yarinyar da ta karɓi taɓarya daga hannun ƙawarta ta tsaya tana jujjuya ta, to ta zagi ƙawar da iyayenta, ƙawance ya mutu a nan take.

Ƙawata Kande ce. Ba ƙawar hanya ba, ta gaske, wadda iyaye suka sani, muka yi musayar ƙwarya da tsakiyar ado ta wuya a gaban mata. Turmi ɗaya muke daka tun muna tsayawa a kan dutse kafin mu kai bakinsa. Ita tana tafi biyu, tsaf, ba ta kuskure. Ni ina uku. Kakata ce ta koya mini, takan ce, “In kin jefa kada ki bi ta da ido. Ki saurari turmi, shi zai gaya miki lokacin.” Amma akwai wani abu a jifana da ba wanda ya sani. In na jefa ta ɗaya ko biyu, a ƙugunta nake cafe ta kamar kowa. In na jefa ta uku, saboda saurin saukowarta, hannuna yakan kama ta taƙi ɗaya sama da ƙugu. Wadda ta tsaya gabana shekara da shekaru tana kallo, ita kaɗai ce za ta lura da wannan.

Ranar ta zo, bikin 'yar mai unguwa. Kande ta miƙo mini taɓaryata da hannu biyu tana murmushi, ni ma na miƙa mata tata, wadda na goge har tafin hannuna ya yi ja. Aka fara. Rana ta ɗaga, gero na tashi, 'yan mata na ta komawa gefe suna haki. Ni ban ma fito da ukuna ba, biyu ta ishe ni. Kafin azahar saura mu biyu, ni da Kande, a turmin tsakiya. Samari sun hau reshen ɗorawa, matan Fulani sun sauke ƙorai sun tsaya. Ta yi ɗaya, na yi ɗaya. Ta yi biyu, na yi biyu. Wata tsohuwa ta ce, “To 'yar nan, nuna musu abin da kakarki ta ba ki.” Na jefa ta har ta kusa taɓa ganye, na tafa uku, na ji turmi ya kira ni, na miƙa hannu. Na kama ta, wallahi na kama ta. Sai ta sulale ta cikin tafina kamar kifi, ta daki leɓen turmi, kanta ya dawo ya same ni a baki. Turmi ya kife. Na ga geron amarya a ƙasa da jinina a kai, da haƙorina na gaba a cikinsa, fari, kamar ƙwayar masara.

Mata suka yi wa Kande guɗa. Ta zo ta dafa ni tana cewa, “Sannu ƙawa, sannu,” har da hawaye. Kafin yamma yaran gari sun haɗa mini waƙa, wai mai uku ta tashi da giɓi. Kakata ce ta ɗauko taɓaryar daga ƙasa ta kawo gida. Ta shiga ɗaki da ita, ta bi jikinta da babban yatsa, ta tsaya taƙi ɗaya sama da ƙugu, ta kai hanci.

“Man kaɗe ne,” in ji ta. “Sabo ma.”

Na san man. Tare muka fitar da shi da Kande a tukunya ɗaya. Na miƙe zan fita, baki a kumbure, kakata ta riƙe mini zani.

“Ina za ki? Ubanki da uban Kande kakansu ɗaya, gayya ɗaya suke yi. Kika buɗe baki gida biyu ne za su rabu a kan daka. Zauna. Ki bar wa Allah.”

Na zauna, amma ban bar wa kowa ba. Na koma wurin masassaƙin nan ya yi mini wata taɓarya da ta fi tawa nauyi. Kusan shekara guda ina tafiya gona da ita, ina jifa a bayan rumbu inda ba mai gani, har kafaɗuna suka zama kamar na namiji. Ina ƙirga watanni ina jiran girbi. Saura wata biyu aka ɗaura wa Kande aure da wani ɗan kasuwa na wajen Tsohon Birnin Gwari. Ta tafi tana uwar turmi, ba wadda ta taɓa kayar da ita. Ni na ɗaga waƙar rakiyarta, da giɓina. Da girbi ya zo na ci, ba wadda ta iya tsayawa gabana, amma abin ya zame mini kamar tuwon da wani ya ci ya rage. Na yi aure, na haifi tara, na binne huɗu, na binne mijina. Haƙorana sun zube ɗaya bayan ɗaya kamar na kowace tsohuwa, amma harshena bai taɓa manta gurbin da ya fara zama kango ba.

Gudun hijira ne ya sake haɗa ni da Kande. Su ma an tashe su, suka kama haya layi biyu tsakaninmu. A gidan wata ta'aziyya ta hango ni, ta taho da sanda tana cewa, “Ƙawa! Ashe da rabon mu gana!” Na amsa gaisuwa kamar yadda addini ya ce. Na ɗauka abin ya tsaya nan, tsofaffi biyu masu jiran kira. Jikarta Zulai kuwa ta ƙulla ƙawance da Ummi, kullum tana rumfarmu wurin kallo. Yarinya ce mai ladabi, ban taɓa nuna mata komai ba.

Ranar da aka sake haɗa Mai Furfura da abokinsa, Zulai tana nan. Ya sha wuya kafin ya kai wurin, bayan an fitar da shi daga can ƙasa ya sake farowa, ya kayar da wannan ya kayar da wancan. Da suka tsaya gaba da gaba, masu zanen suka ɗauke duk wata ƙara, sai numfashinsu. Abokin ya sake kawo ƙafar nan tasa. Mai Furfura ya tsallake ta kamar an gaya masa, ya buga, raga ta tashi. Bai yi tsalle ba, bai zage shi ba. Ya zo ya tsaya a kansa yana kallonsa har wancan ya sunkuyar da kai. Ban san lokacin da na miƙe na rangaɗa guɗa ba, har surukata ta fito daga madafa da ludayi a hannu. Yara suka faɗi ƙasa don dariya. Zulai tana share hawaye ta ce:

“Kaka, ke da kakata halinku ɗaya. Ita ma fa zakara ce a zamaninta. Ta ce mana a lugude ba a taɓa kayar da ita ba a duk yankin Gwaska. Wai akwai wata mai cika baki da ta ce za ta yi tafi uku, ba ta iya ba, taɓarya ta fitar mata da haƙori. Kullum sai ta ba mu labarin mu yi ta dariya.”

Na ga idon Ummi ya zo kan bakina ya tsaya, sannan ta kawar da kai. Na ce wa Zulai, “Allah sarki. Ki gaishe ta.” Na shiga ɗaki.

Washegari na aika aka aro mini taɓarya a gidan wata mai fura. Na shiga bayan ɗaki na ɗaga ta. Ta yi mini nauyi kamar an cika ta da dutse. Na jefa, ko tafi ɗaya ban samu ba. Na sake. Kwana uku surukata tana leƙe, a na huɗu ta kai ƙara wurin mijinta.

“Inna,” in ji shi, “don Allah mene ne wannan? Mutane sun rasa gidaje, sun rasa gonaki, ke kina nan kina jifa da taɓarya? In kika karya hannu fa? Katun ɗin nan ne ya shiga kanki.”

Na ce, “Zauna, ɗan nan. Gidan sun ƙone shi. Gonar ba mu isa mu taka ba. Kabarin ubanka ban san halin da yake ciki ba. Garinmu yanzu ba ya ko'ina sai a bakin tsofaffi, abin da muka gaya wa yara shi ne zai zama garin. Waɗanda suka ga jifana duk sun mutu. Saura ni da Kande, kuma ita ta riga ni bakin yara. In na mutu gobe, abin da 'yarka za ta sani game da ni shi ne ni ce mai cika bakin da ba ta iya ba. Wannan kake so in bar mata?”

Ya tashi ya fita. Da yamma na ga ya sayo mini man zafi ya ajiye a bakin ƙofa.

Na yi wata biyu ina yi. Sai aka haihu a gidan wani mutumin ƙauyenmu, aka sa ranar suna. Na san duk matan garinmu da ke cikin Birnin Gwari za su hallara. Na aika wa uwar mai jego cewa jikan garinmu ba za a yi masa fura da garin inji ba, ni zan daka. Ta ji daɗi, ta ɗauka kara ce.

Ranar suna da hantsi aka kafa turmi a tsakar gida, aka zuba gero. Mata sun cika tabarmi, Kande na cikinsu da sabon lulluɓi, Zulai da Ummi na rarraba ruwa. Na fito da taɓare biyu. Na ɗebi toka a murhu na goge su tun daga kai har gindi, a hankali, kowa na kallo. Sannan na kwance bakin zanina na fito da ɗan gwangwanin man kaɗen da nake shafa wa gwiwa, na buɗe shi, na ajiye a ƙasa gefen turmi. Na ɗauki taɓarya ɗaya da hannu biyu na je gaban Kande na miƙa mata.

Ta dubi taɓaryar, ta dubi gwangwanin.

“Haba ƙawa,” ta ce tana dariyar da ba ta kai ciki ba, “ai mun tsufa.”

“Tare muka tsufa. Karɓi. Kina iya dubawa ma, ni ba zan ji haushi ba.”

Tsofaffin da suka san al'adar suka dubi juna. Zulai, baiwar Allah, ta tafa hannu ta ce wa kakarta, “Tashi Kaka, ki nuna musu!” Wannan ne ya tashe ta. Ta jingine sanda ta zo.

Muka fara a hankali, ita ta sauke ni in ɗaga. Bugu goma na farko kamar na masu koyo. Can sai kiɗan ya dawo da kansa, ya shiga ƙafafuna, na ji wata tsohuwa a bayana ta fashe da kuka tana kiran sunan unguwarsu. Mata suka fara tafi. Kande ta jefa ta yi ɗaya. Na yi ɗaya. Ba zan yi mata ƙarya ba, hannunta bai mutu ba. Ta ciji leɓe ta jefa ta yi biyu, ta cafe da ƙyar, ta yi taga-taga ta tsaya. Aka yi mata guɗa. Ta dube ni tana haki, idonta na cewa a tsaya nan, an yi kunnen doki, kowa ya tafi da mutuncinsa.

Na jefa. Ban bi ta da ido ba, Kande nake kallo. Na tafa ɗaya, biyu, uku. Na miƙa hannu na kama ta taƙi ɗaya sama da ƙugu, ta zauna a tafina daram, na sauke ta tsakiyar gero. Wani abu ya tsinke a kafaɗata kamar an soka mini wuƙa mai zafi, amma ban saki ba. Gidan ya kaure. Ummi tana tsalle tana ihu, “Uku! Wallahi uku ta yi!”

Kande ta jingine tata a jikin turmi za ta koma tabarma. Na ce, “Tsaya, ba mu gama ba. Zulai, zo nan. Ni ce mai cika bakin da ake ba ku labari. Kande, gaya wa jikarki abin da ya fitar mini da haƙori.”

“Ƙawa, a gidan suna muke.”

“A gidan biki kika yi. Gaya mata.”

Ta dubi Zulai. Sannan ta sunkuya da ƙyar ta ɗauki gwangwanin, ta riƙe shi a tafin hannu.

“Wannan ne,” ta ce, murya ƙasa ƙasa.

“Ba su ji ba.”

“Man kaɗe na shafa mata! Ni na shafa. Ke ce kullum a gaba, ko ɗiban ruwa aka je ke ake yabo. Na ce sau ɗaya dai a kira sunana. Ban yi nufin haƙorinki ba, Allah ya sani.” Ta juyo gare ni, hawaye na bin tamojin fuskarta. “Ki yafe mini, ƙawa.”

Nan take mata suka taso mini. Ki yafe, Inna. Ki yafe, Hajiya, duniyar nawa take. Ai ta amsa laifinta. Bakunan da suka gama yi mini guɗa su ne suka koma roƙo, ba su ba ni ko lokacin shan ruwa ba. Na dube su, na dubi Kande, na ce, “Na ji. Zan yi tunani.” Na sa surukata ta gyara mini mayafi, muka tafi gida.

Hannun daman nan bai sake ɗaguwa sama da kafaɗa ba. Mai ɗori ya duba, asibiti sun duba, sun ce sai haƙuri. Ɗaurin kallabi ma sai an yi mini. Ko sau ɗaya ban yi da-na-sani ba. Na san kuma abin da ke kaina, na san shekaruna da nata, na san ba a so mutum ya kwanta a kabari da ƙullin wani a ransa. Zan yafe mata, in Allah ya ba mu rai. Amma ni na kwana da abin nan tun ban san ɗaurin zani sosai ba har na ga jikoki, ita ko wata uku ba ta yi ba.

Duk ranar Juma'a Kande takan aiko wata maƙwabciyarta da ƙullin goro, a tambaye ni ko na gama tunanin. Jiya ma ta zo. Na karɓi goron, na ɓare, na jefa a baki.

“To Inna, me zan ce mata?”

“Ki ce mata goron ya yi kyau. Ta sake aikowa.”